Yadda ake ɗaukar shatar bas daga Katsina ko Daura zuwa filin jirgin Kano

Yawancin masu zuwa Umara daga Katsina da Daura ta Kano suke tashi, daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano, wasu kuma ta Abuja. Filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina ya fi aiki da jiragen cikin gida da jigilar alhazai lokacin Hajji. Don haka idan iyali ko 'yan unguwa goma sha wani abu suka sami biza tare, sai a nemi wanda zai haɗa musu mota guda. Idan wannan nauyin ya faɗo kanka, ka sani tun yanzu cewa ba irin shatar kai amarya ba ce. Amarya in ta yi latti ango zai jira. Jirgi kuwa zai tashi, tikitin mutane ya bi ruwa, kuma sunanka za a riƙa kira. Na daɗe ina shirya wa dangi da maƙwabta irin wannan tafiya, ga yadda nake bi.

Abin da za ka tanada kafin ka je tasha

Littafi ƙarami da biro, domin lissafin waya yana ɓacewa a lokacin da aka fi bukatarsa. Hoton tikitin kowane matafiyi a wayarka, ka ga rana da lokacin tashi da idonka, kar ka dogara da "ejan ya ce da yamma ne". Jerin sunayen masu tafiya da lambar wayar wani nasu da zai rage a gida. Tsabar kuɗi a aljihu ban da na asusun banki, saboda turawa ta waya tana iya maƙalewa a gidan mai da sassafe. Igiya mai kauri da tamfol idan damina ce. Sikelin rataye na auna kaya, in babu a ari na mai sayar da hatsi. Tocila, da abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Sai mutum guda da ya san mota, bakanike ko tsohon direba, wanda zai raka ka duba ta. Wannan na ƙarshe shi mutane suka fi yi wa rowa, alhali kuɗin shayinsa bai kai kuɗin faci ɗaya ba.

1. Ƙirga kaya kafin ka ƙirga mutane

Mutum goma sha biyu masu zuwa Umara ba fasinja goma sha biyu ba ne. Kowa yana da babbar jaka, da jakar hannu, wata Hajiyar kuma da ƙullin garin kunu, yaji, kuka da daddawa da za ta kai wa 'yarta a Makka. Ka tambayi kowa jaka nawa zai ɗauka, ka rubuta, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai, don ba a taɓa faɗa maka gaskiya a karon farko. Nauyin da kamfanin jirgi ya yarda da shi yana rubuce a tikiti, sau da yawa kilo 23 ga kowace jaka. A auna a gida tun jajibere. Kwance jaka a bakin ƙofar filin jirgi ana fitar da zannuwa ana rabawa 'yan rakiya yana cin rabin awa, ga kunya.

Daga nan sai maganar 'yan rakiya, wadda ita ce ta fi wuya. Kowa yana son ya raka tsohuwarsa har bakin jirgi, ko da yake ba a barin mai rakiya ya wuce ƙofar zauren tashi. Ka yanke hukunci da wuri kuma ka faɗa a gaban babban gida: mai rakiya ɗaya ga duk tsoho ko marar lafiya, sauran a yi sallama a ƙofar gida. Wanda ya nace ya zo da motarsa. Yara ma ƙirga su ake yi. "Ai a cinya zan riƙe shi" magana ce mai daɗi a Ƙofar Ƙaura, amma kafin a kai Kankiya cinyar ta sage.

2. Zaɓi irin motar

Hiace, wadda ake kira Homa, ita ce aka fi ɗauka. A tasha ana ce mata mai cin mutum 18, amma wannan lissafin lodin haya ne, huɗu-huɗu a layi, kaya a ɗaure a bayan but a buɗe. Idan da tsofaffi, uku-uku za ka zaunar, kuma layin baya gaba ɗaya na kaya ne. Ka ɗauka mutum 11 ko 12 za ta kai maka cikin mutunci. In kun haura haka, ko dai Kosta mai cin kusan 30, ko Homa ɗaya da ƙaramar mota ta biyo ta da kaya. Ni na fi son na biyun. Mota biyu suna rufa wa juna asiri: in ɗaya ta lalace a hanya, sai a kwashe masu tikiti a ɗayar, 'yan rakiya su zauna da bakanike.

Idan mutum shida ne ko ƙasa da haka, Sharon ko Siyana ta isa, ba sai an nemi bas ba.

3. Inda za ka nemo ta

Hanya uku ce. Ta farko tasha, ta hannun shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW na layin Kano. Ka wuce 'yan kamashon da za su tare ka a bakin ƙofa, ka nemi ofishin reshe, ka gaisa, ka ce shata kake so. Amfanin bi ta ofis shi ne direban yana da wanda yake jin kunya. In ya saɓa alkawari akwai inda za ka kai ƙara, kuma in motarsa ta ƙi tashi da asuba su za su fitar maka da wata daga layi. Ta biyu hukumar sufuri ta jiha, KTSTA: a je ofishinsu da wuri a tambayi ko akwai motar shata a ranar, a biya a karɓi rasit. Ta uku motar aro, ta makarantar Islamiyya ko ta wata ƙungiya ko ta wani mai hali a dangi. Kyauta ce ko kusa da kyauta, amma a nan ne ake samun motar da ta yi wata uku a ajiye, batir ya yi sanyi, takardu sun ƙare, direban kuma bai saba doguwar hanya ba. In ita za a ɗauka, a fitar da ita kwana biyu kafin tafiya a yi zagaye mai nisa da ita, daga Katsina zuwa Mashi a dawo, ko daga Daura zuwa Kazaure.

Ka fara nema da mako guda. A watan azumi, musamman goman ƙarshe da masu Umara suka fi yawa, da kuma ƙarshen mako na lokacin bukukuwa, mako biyu.

4. Duba motar da rana, da idonka

Kar ka yarda da hoto a WhatsApp. Ka ce a kawo ta, kuma ka zo da bakanikenka.

Fara da taya, ka tsuguna. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu, galibi cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2321, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ko da zanenta bai cinye ba, domin roba tana bushewa. Wani lokaci lambar tana ɓangaren ciki, sai ka leƙa da tocila. Shafa gefen tayar da tafin hannu, in ka ji ƙulli ko ka ga tsattsagewa kamar ƙasan tafki a bazara, wannan tayar ba za ta ɗauki lodi a kan kwalta mai zafi ba. Sannan ka ce a sauko da safaya. Direbobi da yawa za su ce "tana nan, Alhaji", kuma da gaske tana nan, sai dai babu iska a cikinta. A ga jak da sifanar taya su ma.

Bakanike ya duba baƙin mai, ruwan lagireto, man birki da bel. A tayar da injin a bar shi yana aiki minti goma ana kallon allurar zafi. A kunna fitilu, sigina da waifa. Ka shiga ka zauna a kujerar baya ka ji ko tana girgiɗi, ka ja ƙofar gefe ka ga ko tana rufuwa ba sai an ɗaure ta da waya ba. In an ce akwai na'urar sanyi, a kunna ka ji, don kuɗinta daban ne.

Takardu: lasisin direba wanda bai ƙare ba, takardar lasisin mota, inshora, da shaidar lafiyar mota ta VIO. A ga abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku. Za ku ratsa hannun jami'an hanya na jiha fiye da ɗaya, KASSAROTA a Katsina, KAROTA a Kano, ga 'yan kiyaye haɗurra da 'yan sanda a tsakani. Takarda ɗaya da ta ƙare tana iya cinye muku awa guda a gefen titi. Kafin ka tafi ka ɗauki hoton lambar motar. Dalilin zai zo a gaba.

5. Ciniki

Ka san kuɗin kujera ɗaya zuwa Kano a ranar, sannan ka lissafa abin da direban zai samu in ya yi lodin haya ya cika. A ce, don misali kawai, kujera naira 5,000 ce kuma yana ɗaukar 18: lodinsa 90,000 ke nan, kafin a cire na kamasho. Daga nan ciniki yake farawa. Zai ce zai dawo ba kowa, kai kuma ka tuna masa cewa daga Kano ba a rasa fasinjan Katsina ko Daura. In 'yan rakiya za su dawo a motar, to shatar zuwa da dawowa ce, kuɗin zai kusan ninkawa, kuma hakkinsa ne.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai ne rabin maganar. Akwai hanya biyu: ko a yi jimla, mai a wuyansa, ko a biya kuɗin mota daban ku sha mai da kanku. Na fi son ta biyun, saboda direban da mai yake wuyansa yakan sha na dubu kaɗan ya ce zai ƙara a gaba inda ya fi araha, sai ku tarar da layi a can. Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne, daga Daura bai kai haka ba. Cikakken tanki ya kai ku ya dawo da motar.

Ga abin da ya kamata a furta baki da baki, a gaban shaida, a kuma rubuta:

"Malam, wannan motar da na gani ita za ta zo, kuma kai za ka ja ta."
"In sha Allahu, Alhaji."
"Ba ɗaukar fasinja a hanya, ba saƙon kowa a but."
"To ko ɗan buhu ɗaya na wani maigidana a Dawanau?"
"Ko ƙulli ɗaya. In na gan shi da safe za a sauke."

Kar ka ji nauyin wannan magana. Yankinmu bakin iyaka ne, Kwangwalam tana nan kusa da Daura, Jibiya kusa da Katsina, kuma jami'an kwastan suna tsayar da motoci suna duba kaya. Buhun shinkafar waje guda da direba ya cusa a ƙarƙashin jakunkunanku ya isa a tsare motar, ku kuna kallon agogo.

A rubuta kuma wanda zai biya kuɗin shiga filin jirgi da na ajiye mota, da awa nawa direba zai jira bayan an sauka, da abin da za a ƙara masa in jiran ya zarce. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Sauran sai an sauke kaya a Kano. Wanda ya ce sai an biya shi duka tun jajibere, a nemi wani.

6. Lissafa lokaci daga baya zuwa gaba

Fara da lokacin tashin jirgi ka riƙa ja da baya. A ce ƙarfe 4:00 na yamma ne. Kamfanonin jirage sukan ce a zo awa uku kafin tashi a tafiyar ƙasar waje, amma da ayari da tsofaffi ka mai da shi huɗu: 12:00 na rana kuna filin jirgi. Bas mai lodi daga Katsina ka ba ta awa uku, da tsayawar fitsari da shingayen bincike: 9:00 ke nan. Ƙara awa ɗaya da rabi na abin da ba a fata, faci ko zafin inji: 7:30. Lodi awa ɗaya: mota ta iso 6:30. Mutane kuwa ka ce musu 6:00, kuma kar ka gaya wa kowa cewa akwai rara.

Abu biyu suna canza wannan lissafi. Na farko ranar kasuwa. Hanyar Katsina tana ratsa Charanchi, Kankiya, Tsanyawa da Bichi, ta Daura kuma Kazaure da Dambatta. Kasuwar Charanchi da ta Dambatta duk ranar Lahadi suke ci, kuma titi yakan cushe da motocin dabbobi da masu talla. Na biyu shigar Kano kanta: daga Dawanau zuwa Rijiyar Lemo da Kurna cunkoso ba ya rasuwa, balle ranar Juma'a wajen azahar da ake tare hanyoyi don salla.

In jirgin na safe ne ko na tsakar dare, kar a yi dabarar fita da duhu. A tafi tun jajibere da rana a kwana a Kano, gidan dangi ko masauki. Haka in ta Abuja za a tashi: kwana ɗaya kafin ranar, fita bayan asuba, a shiga gari kafin magariba. Tafiyar dare da mota cike da mata da tsofaffi ba abin da zan sa hannuna a kai ba ne a halin tsaron da ake ciki. Lokacin hunturu hazo yakan sa a ɗage tashi, amma wannan ba hujjar yin latti ba ce. Sai kamfanin ya sanar, kuma ko ya sanar a kira ejan a tabbatar.

7. Jajibere

Da la'asar ka kira direba ka tambaye shi yana ina. In ya ce yana Zariya ko Kaduna zai taso yanzu, to direban da bai yi barci ba za ka samu da safe. Ka sanar da ofishin tasha tun lokacin su shirya wani. Abin da ya fi shi ne motar ta kwana a ƙofar gidan da za a yi lodi, da mai a cikinta, direban ya zo da safe a kan babur.

A tara manyan jakunkuna wuri ɗaya a daren, kowace da sunan mai ita a rubuce da babban alƙalami, da ƙyalle mai launi ɗaya a hannun duk jakunkunan ayarin. Wuri ɗaya za a haɗu. Bin gida-gida ana ɗaukar mutane, daga Sabuwar Unguwa zuwa Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Sauri, yana cin awa biyu, don a kowane gida sai an yi addu'a an yi kuka an koma ɗauko abin da aka manta.

8. Safiyar tafiya

Duba lambar motar da hoton da ka ɗauka. In wata ce aka kawo, ko wani yaro ne a sitiyari "ƙanena ne, ya fi ni iya tuƙi", kar a ɗora ko jaka ɗaya sai ka sake duba taya da takardu, ka kuma kira wanda ya tsaya shaida.

Masu nauyi a ƙasa, a cikin mota, a layin baya. In dole sai an ɗora a sama, marasa nauyi kawai, a rufe da tamfol a ɗaure tam, domin lodi mai nauyi a rufi yana sa bas tangaɗi a kwana. Kar a toshe ƙofa da kaya. Tsofaffi a layin da ke daf da ƙofa, masu amai a gefen taga da leda a hannu.

Kafin a rufe ƙofa, ka tsaya a bakinta ka ce kowa ya ɗaga fasfonsa sama ka gani. Ba "yana jaka" ba, a hannu. Fasfo, takardar biza, tikiti, katin rigakafi, da maganin da mutum yake sha kullum, duk a jakar hannu. Maza kuma in Jidda jirgin zai sauka kai tsaye, haramin ya kasance a jakar hannu ko a jiki, don a sama za a wuce miƙati. Wanda zai fara da Madina ba shi da wannan damuwa. A cike takardar sunayen fasinja, kofi ɗaya a mota, hotonta a wayar wani da ke gida.

9. A hanya

Kai ne a kujerar gaba, da bel a ɗaure, ba babban Alhaji ba, ko da za a ce ka yi rashin kunya. Aikinka kallon allura da idon direba. Dokar hanya ta ba bas kilomita 80 a awa a babbar hanya, 90 a tagwayen titi, kuma tun da kun fito da rara babu dalilin wuce haka. Wayar direba kai za ka riƙa amsa masa. Tsayawa ɗaya ta isa, a gidan mai da ke da banɗaki, minti goma sha biyar, a ƙirga mutane kafin a tashi. A shinge direba ne zai yi magana, fasinja su yi shiru. In jami'i ya tambaya, ka ce masu Umara ne za su kama jirgi, ka nuna tikiti.

In mota ta lalace, ba wa bakanike minti ashirin. Ya wuce haka ba ta tashi ba, ka tare motocin haya ka tura masu tikiti da jakunkunansu gaba, ko da kuɗin ya yi tsada, tare da mutum ɗaya mai wayo. Tsabar kuɗin nan da na ce ka riƙe, ranarsu ke nan. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce.

10. Sauka da maganar dawowa

A sauke kaya a ƙirga su da jerin da ke littafinka, a leƙa ƙarƙashin kujeru, sannan a cika wa direba kuɗinsa. Kar motar ta bar Kano sai an kira daga ciki an ce an auna kayan kowa an ba shi katin shiga jirgi. Yakan faru a dawo da mutum ɗaya saboda matsalar biza ko suna da bai dace da na fasfo ba, ko a fito da jakar da ta yi kiba, kuma gara a same ku a waje.

Ranar dawowa lissafin kaya daban ne: ga tsaraba, ga dabino, ga jarkar zamzam mai lita 5 ta kowane mutum. Motar da ta kai su ba lallai ta iya kwaso su ba, a tanadi ƙarama ta kaya. Kuma kar direba ya taso daga Katsina ko Daura bisa lokacin da ke tikiti. A jira sai wani daga ayarin ya kira daga Jidda ya ce sun shiga jirgi, tunda tafiyar sama daga can zuwa Kano ta haura awa huɗu, ga jiran kaya bayan an sauka, mota za ta riga su isa. In da daddare za su sauka, a nema musu wurin kwana a Kano, a kamo hanyar gida bayan sallar asuba.